Daɓen wasan taya na yara a unguwa: shimfiɗaɗɗe ya isa, ko sai da tudu?

Abu_Hanan_Gesse
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kowa ya ga yadda takalmin taya ya yawaita a ƙafar yara a Birnin Kebbi, musamman bayan kowace sallah. Filin wasansu kuwa kwalta ne, wasu har kama bayan Keke Napep ko kabu-kabu suke yi ya ja su. A unguwarmu akwai filin jama'a, faɗinsa mita 15, tsawonsa mita 20, kuma dattawa sun amince a yi wa yara daɓe a ciki. Ni dai a ganina abin da ƙananan yara ke bukata shi ne daɓe shimfiɗaɗɗe mai sulɓi, da shinge, da inuwa. Matasanmu kuma sun ce in babu tudu irin wanda suke gani a bidiyo, ba yaron da zai bar titi. Masana, ku fitar da mu: kaurin kankare nawa, siminti buhu nawa, kuma a sa tudun ko a bari? 'Yan uwanmu na Gwadangaji, Kalgo da Ambursa ma za su amfana da amsar.

Injiniya_Kalgo
Wa alaikumus salam Malam Abu Hanan. Kafin a kai ga tudu, a fara da ƙasa, don a nan aikin yake lalacewa. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da shara gaba ɗaya, kamar santimita 15 zuwa 20. A ciko da jar ƙasa, amma kashi-kashi: a zuba santimita 15, a yayyafa ruwa, a bi da injin daɓe, sannan a ƙara wani. Wanda ya juye tifa uku a lokaci guda ya daddanne sama kawai, damina ɗaya ƙasa za ta zauna, kankare ya tsage.

Kauri santimita 10 ya isa tun da ba mota za ta hau ba. Lissafi: 15 sau 20 murabba'in mita 300 ne, a kauri santimita 10 ya zama kubik mita 30 na kankare. A shimfiɗa leda mai kauri kafin zubi don kada ƙasa ta shanye ruwan kwaɓin. A sa ragar waya ta BRC, a ɗaga ta da 'yan duwatsu ta zauna a tsakiyar kaurin. In ta kwanta a kan leda, ba ta da wani amfani.

Sai gangara. A ba daɓen santimita 1 zuwa 1 da rabi a kowace mita, zuwa gefen da kwata take. A faɗin mita 15 bambancin tsakanin gefe da gefe zai kama santimita 15 zuwa 22. Ƙasa da haka ruwan Agusta zai kwanta, sama da haka yaron da bai iya birki ba zai riƙa gangarawa da kansa.

Birkila_Jega
Injiniya ya gama magana kan ƙasa. Kwaɓi kau, buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Shi munka sani ga daɓen gida da na masallaci. Ga wanga fili siminti zai kai buhu 190 ko kusa da haka.

Injiniya_Kalgo
Baba Birkila, wannan kwaɓin daidai ne ga daɓen da ƙafa ce kawai ke takawa. Taya ƙarama mai tauri tana cin fuskar kankare, bayan shekara biyu sai ka ga tsakuwa ta fito. Na fi son buhu ɗaya, yashi kwano 3, tsakuwa kwano 6. Siminti zai tashi zuwa wajen buhu 240, ƙarin buhu 50 ke nan, amma fuskar za ta daɗe. Ruwa kuma kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 a kowane buhu, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Lebura na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ja, shi ne kuma ke sa fuska ta riƙa yin gari.

Birkila_Jega
To in haka na, a nemo injin kwaɓi. Kubik talatin ba aikin shebur ba na. Kuma kar a zuba da tsakar rana cikin bazara. Ko a fara da asuba a tsaya kafin hantsi ya yi zafi, ko a jira lokacin sanyi. In kankare ya sha rana da iska tun bai kama ba, tsagewa yakai kamar ƙasar fadama.

MamanIkram_BK
Sannunku da ƙoƙari. Tambaya: me zai hana a sa intalok ko tayil? Na ga sun fi kyau ga ido, kuma in ɗaya ya fashe sai a canza shi kaɗai.

DanTaya_Badariya
Hajiya, duka biyun ba sa yi. Intalok yana da tsaga a kowace santimita 10 zuwa 20. Tayar takalmin yara faɗinta milimita 64 zuwa 72 ne, ta allon taya, wato katako mai taya huɗu da ake tsayawa a kai, kuma 52 zuwa 54. Taya ƙarama haka tana kakkarwa a kan tsaga, kuma duk inda bulo ɗaya ya ɗago kaɗan, tayar za ta tsaya cak, yaro ya wuce da fuska. Tayil da tarazo matsalarsu akasin haka ce: santsi ya yi yawa, da ƙura ta hau sai taya ta zame ta gefe a kwana. Kwalta kuma tana da kaushi, tana ɓare fata sosai in an faɗi, kuma cikin Afrilu laushi take yi. Kankaren da aka goge da cokalin ƙarfe shi ne tsaka-tsaki.

Injiniya_Kalgo
Gugar nan ita ce rabin aikin. Ba a bin ta da tsintsiya kamar yadda ake yi wa hanyar mota. Ana jira ruwan da ya taso sama ya ƙafe, in ka danna yatsa ya shiga kaɗan kawai, sai a bi da katakon shafe, sannan cokalin ƙarfe sau biyu ko uku, kowane bi da ƙarin dannawa. In akwai injin guga mai fanka, ya fi. Abu biyu da za a hana magina: barbaɗa busasshen siminti a sama don ya tsotse ruwa, da yin shafe na daban washegari. Dukansu ɓawo suke zama, su ɓare cikin 'yan watanni.

Kankare dole ya tsage, sai dai ka zaɓa masa inda zai tsage. A yanka shi da garanda kowace mita 3, zurfin santimita 2 da rabi, kafin ya cika kwana ɗaya. Yankan ya zama siriri, milimita 3 zuwa 4. Kada a saka katako tsakanin kashi da kashi kamar yadda aka saba, don katakon zai ruɓe ya bar ramin da zai kama taya. Bayan haka a rufe da buhunan algarara ko yashi, a riƙa jiƙawa safe da yamma kwana 7 aƙalla. Yara kada su hau sai ya yi sati biyu. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Matashi_Nasarawa
Duk na ji, amma ku manya kuna kauce wa maganar tudu. Yaro ɗan shekara 13 da ya iya gudu da juyi, me zai yi a fili shimfiɗaɗɗe mita 20? Taku shida ya ƙure shi. Sati ɗaya zai gaji ya koma titin Ahmadu Bello. Kuma irin waɗannan su ne ke kama bayan mota, ba 'yan shekara shida ba. In don a raba yara da titi ake aikin, to a yi abin da zai riƙe manyan.

Malam_TudunWada
Yaron nan ya faɗi gaskiya a wannan gaɓar, a saurare shi.

DanTaya_Badariya
Ƙanena, ina tare da kai rabi. Tudu iri-iri ne. Wanda kake gani a bidiyo, mai lanƙwasa kamar kwarya da tsayin mita 2 ko fiye, ba na wannan filin ba ne, kuma magini da bai taɓa yin sa ba ba zai fitar da lanƙwasar daidai ba. Abin da ya dace da mita 15 a 20:

Gangare miƙaƙƙe, tsayi santimita 50, tsawon gangarar mita 2, faɗi mita 3, da dandamali a sama mai faɗin mita 1 da rabi inda yaro zai tsaya. A gabansa a bar aƙalla mita 6 babu komai. Sai dakali ɗan gajere, tsayi santimita 15, tsawo mita 2 da rabi, a sa masa ƙarfen kwana a baki don kada ya gutsure. In ana son mai lanƙwasa, kada ya wuce santimita 90, a zana lanƙwasar da igiya mai tsawon mita 1.8 a kan filawud a yanka, shi zai zama ma'aunin magini. Bakinsa na sama bututun ƙarfe ne mai kaurin milimita 60, ya leƙo waje kamar milimita 6 zuwa 8 kawai. In ya leƙo da yawa yana riƙe taya.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari shi ne gindin tudu, inda ya haɗu da daɓe. In akwai ɗan baki ko na rabin santimita, nan kowa zai riƙa faɗuwa. A zuba su su haɗe, a goge har hannu ya kasa jin mahaɗar.

Kafinta_Argungu
Ko a yi na katako mana? Ya fi araha, kuma ana iya ɗauke shi a ajiye in ƙanana za su yi wasa. Katako mai inci 2 a 4 a jere kowace santimita 20, filawud mai milimita 9 ninki biyu a kai, falankin ƙarfe siriri a gindi. A ɗaure da sukuru, ba ƙusa ba, don ƙusa na ɗagowa ta yanki yaro.

Mai_Walda_BayanKara
Malam Kafinta, gara fa? Da ruwan sama? Filawud ɗin kasuwa damina ɗaya yake kumbura ya rabu. Na ƙarfe ya fi daɗewa.

Kafinta_Argungu
Ƙarfe a ranar Kebbi? Watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a inuwa. Falankin da ya wuni a rana, yaro ya faɗa kansa da gajeren wando, ƙuna ce. Ga ƙara da zai dami maƙwabta. Na katakon a yi masa fenti, a ɗora shi a kan bulo in an gama, a shigar da shi rumfa da damina.

Injiniya_Kalgo
Ku biyun kowa ya faɗi aibin na ɗan'uwansa daidai. Shi ya sa na fi natsuwa da kankare. Amma shawarar Malam Kafinta tana da wani amfani: a fara gwadawa da na katako shekara ɗaya, a ga inda yara suka fi bi da inda suke karo, sannan a zuba na dindindin a wurin da ya dace. Kuma a jera tudun kudu da arewa. In ya fuskanci yamma, rana za ta riƙa shiga idon yaro bayan la'asar, lokacin da filin ya fi cika.

Nas_Rafin_Atiku
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren jiki, don ko an yi daɓe na zinariya yaro zai faɗi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 5 ya hau allon taya, daga 6 zuwa 10 kuma sai da babba a kusa. Dalili: kan ƙaramin yaro ya fi nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, kuma bai iya kare kansa da hannu da sauri ba.

Raunin da ya fi yawa a wannan wasa shi ne wuyan hannu, saboda mutum na tokarewa da tafi. Don haka kariyar wuyan hannu, mai ɗan ƙarfe ko roba mai tauri a tafi, ba ado ba ce. Sai hular kwano, sai ta gwiwa da ta gwiwar hannu.

Hular ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, ba ta koma ƙeya ba. Igiyar haɓa yatsa ɗaya kawai zai shiga. A duba ciki a ga lambar inganci irin EN 1078 ko ASTM F1492. Hular mashin ta manya ta yi wa wuyan yaro nauyi, hular leburan gini kuma ba don faɗuwa aka yi ta ba.

In an faɗi: ƙujewa a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita, a rufe. Kada a zuba man birki, ko toka, ko ƙasa. In wuyan hannu ya kumbura ko yaro ya ƙi motsa shi, a tallafe da kwali a ɗaure sako-sako, a je a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja hannun. Ƙashin yara yana da wurin tsiro kusa da gaɓa, in karaya ta bi ta nan aka ɗora a karkace, hannun na iya girma a karkace. In kai ne ya bugu, sai aka ga amai, ko barci mai nauyi, ko rikicewar magana, ko ciwon kai da ke ƙaruwa, asibiti nan take, ko da babu jini.

MamanIkram_BK
Allah ya saka da alheri Anti Nas. Hular gwanjo fa? Sababbin sun yi tsada.

Nas_Rafin_Atiku
Hajiya, a cire soson ciki a duba farin kumfan mai tauri. In akwai tsaga ko wurin da ya lotsa, ta riga ta sha bugu, ta gama aikinta. Kariyar gwiwa da ta hannu kam gwanjo ba laifi, a wanke kawai a duba maɗaurin yana kamawa.

Malam_TudunWada
Akwai abin da ba siminti ba ne, kuma shi ke kashe irin wannan wuri. Fili mai daɓe da inuwa in ba mai kula, cikin wata biyu manya za su mai da shi majalisa, 'yan ƙwallo su kafa raga, masu shanya shinkafa su shimfiɗa tasu da kaka. Da dare kuma Allah kaɗai ya san wa zai zauna. Don haka tun kafin buhun farko a zauna da mai unguwa da liman, a rubuta: filin na wane ne, wa ke riƙe makulli, ƙarfe nawa ake buɗewa. A tabbatar da takardar filin a hukumar raya birane, kada a gama aiki wani ya fito da takarda. Lokaci kuma kada ya ci karo da Islamiyya. A rufe da kiran magariba. Alhamis da Juma'a da yawancin makarantun allo ke hutu, a ƙara lokaci.

Hajiya_Gwadangaji
Malam, a ƙara da 'yan mata. In aka bar shi haka, maza za su cinye filin. A ware musu ranaku ko sa'o'insu, da mace babba mai kula. Kuma iyaye mata a lura da sutura: dogon hijabi mai jan ƙasa da zani suna shiga taya. Wando mai kauri har idon sawu, riga zuwa gwiwa, ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga, hula a kai. Allurar ɗaura mayafi a cire ta kafin a sa hula.

Matashi_Nasarawa
Mama, ai a duniya ma 'yan mata ƙanana ne ke cin wasan. An fara saka allon taya a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, kuma Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinariya tana da shekara 13. A Paris 2024 Arisa Trew ta Ostareliya ta ci tana da 14. Ko a Afirka akwai wurare: na Kitintale a Kampala matasan unguwa ne suka gina da hannunsu, a Accra kuma an buɗe Freedom Skatepark a 2021. Duk suna da tudu. Shi ya sa nake cewa kada mu raina yaranmu.

Malam_TudunWada
Ba raini ba ne ɗana. Waɗancan suna da masu koyarwa a tsaye. Samo mana mutum biyu cikinku da za su ɗauki nauyin tsayawa kullum, sai a yi maganar tudu da ƙarfin gwiwa.

Bakanike_Makera
Ni kayan zan yi magana a kai, don wata faɗuwar yara daga takalmin ne ba daga ƙasa ba. Kowace taya boris biyu ne a cikinta, lamba 608: rami milimita 8, faɗi 22, kauri 7. Lamba ɗaya ce a takalmi da allo, kuma masu sayar da kayan injin da na fanka suna da ita, ba sai an aika Legas ba. A nemi mai murfin roba, ya fi hana ƙura. Da hunturu ƙurar nan tana shiga ta daskare, sai ka ji taya na ƙara ko ta ƙi juyawa. A kwance da alanki mai lamba 4, a ciro boris, a ɗaga murfin da allura, a jiƙa a kananzir a girgiza, a bar shi ya bushe sarai.

Direba_Ambursa
Sai a cika shi da giris ko?

Bakanike_Makera
A'a Yaya. Giris na mota ya yi kauri, yana riƙe taya kuma yana tara yashi. Ɗigo biyu na man keken ɗinki ya isa kowane boris. Wajen mayarwa kada a manta ɗan bututun da ke tsakanin boris biyun, in babu shi da an ɗaure sai taya ta cije. Tayoyin takalmi ta ciki suke cinyewa, don haka a riƙa juya su ana musanya na dama da na hagu kafin su zama kamar wuƙa. A duba robar birki da ke dunduniyar ƙafar dama, in ta kusa kai ƙarfe a canza. A allo kuma, sifana 13 ce ta notin taya, 14 ta babban notin tsakiya. In allo na rawa da yaro, a ƙara ɗaure na tsakiyan rabin juyi.

DanTaya_Badariya
Ƙari kan na Oga Bakanike: lambar da ke jikin taya mai harafin A taurinta ce. 78A zuwa 85A masu laushi ne, suna haƙuri da ƙasa mai kaushi, su suka dace da mai koyo. 99A zuwa sama na daɓe mai sulɓi ne da masu tsalle. Allon yara faɗinsa inci 7 zuwa 7 da rabi. Na roba da ake sayarwa a shagon kayan wasa, wanda tayarsa ma roba ce mai ƙwanƙwasa, ba ya juya kwana, a bar shi. Takalmi kuma kada a sayo babba wai yaro zai girma a ciki. Ƙafa na yawo a ciki, idon sawu na turguɗewa. Akwai mai maɓalli da ake ƙara masa tsawo lamba huɗu, shi ya fi.

Hajiya_Gwadangaji
Inuwar da Malam Abu Hanan ya ambata tun farko ba wanda ya taɓa ta. A dasa dogon yaro kewaye?

Birkila_Jega
Hajiya, dogon yaro na da inuwa amma ɗiyansa na zuba, kuma ƙwallo guda ya isa ya tsai da taya. Saiwarsa kau tana ɗaga kankare. In za a dasa, a ja shi mita 4 ko 5 daga bakin daɓe, ta yamma, inuwar ta faɗo da la'asar. Wurin zaman iyaye a yi rumfar kwano. Kuma a aje tsintsiya biyu, shara kullum kafin a buɗe, don tsakuwa guda daidai da ƙwayar gyaɗa ita ka kada yaro.

Injiniya_Kalgo
Shinge ma a ja shi mita 1 da rabi zuwa 2 daga bakin daɓe, a cike tsakanin da yashi mai laushi ko ciyawa, yadda wanda birki ya ƙwace masa zai faɗa a taushi. Bakin daɓen ya yi daidai da ƙasar, kada a bar gaɓa. Ƙofa kada ta kalli titi kai tsaye, don allo na kuɓucewa ya gudu, yaro kuma bin sa zai yi ba tare da ya duba ba. A gefe ɗaya a kafa bututun riƙo mai tsayin santimita 75 na masu koyo, mai walda ya goge duk wani kaifi. Randa ko tulun ruwan sha a rumfa, nesa da daɓe, saboda jiƙaƙƙen kankare santsi gare shi.

Direba_Ambursa
Mu na bayan gari da ba mu da kuɗin buhu 240 fa?

DanTaya_Badariya
Yaya, ba dole sai 15 a 20 ba. Mita 8 a 12 a kauri ɗaya bai kai kubik 10 ba, siminti wajen buhu 77. Yara takwas zuwa goma masu koyo za su sake a ciki. Ko a yi hanya mai zagaye, faɗin mita 2 da rabi, a bar tsakiya ƙasa. Siminti kaɗan, tafiya mai tsawo, kuma kowa na bin hannu ɗaya, karo ya ragu. Inda makaranta ke da filin ƙwallon kwando na kankare, a nemi izinin shugabanta a rubuce, a cike tsagogin da siminti mai laushi, a naɗe ƙafafun ƙarfen ragar da tsohuwar katifa.

Matashi_Nasarawa
Zagayen nan ya yi mini. In aka sa masa 'yan tuddai masu kwanciya, tsayin santimita 30, tazarar mita 3 tsakaninsu, manya za su samu abin yi, ƙanana kuma su tsaya a shimfiɗaɗɗen. Amma a filin Gesse zai shiga kuwa?

Nas_Rafin_Atiku
Ko ya shiga, ni damuwata haɗa ɗan shekara 6 da ɗan 14 a mita 20. Mai saukowa daga tudu da gudu ba ya iya kauce wa ƙaramin da ya gitta. Fenti a ƙasa ba ya tsare yaro. Ko a raba da shinge na gaske, ko a raba lokaci: ƙanana daga la'asar zuwa biyar, manya daga biyar zuwa magariba.

Abu_Hanan_Gesse
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Abin da zan kai wa kwamiti: daɓe da shinge da rumfa a zubin farko, tudun katako na Malam Kafinta a gwada, lokaci a raba yadda Anti Nas ta ce. Injiniya, in daga baya aka yarda da tudun kankare, sai an fasa daɓen?

Injiniya_Kalgo
Ba sai an fasa duka ba, in an shirya tun yanzu. A gefen arewa a bar mita 4 ba a zuba ba, a bar rodi mai milimita 10 ya leƙo santimita 40 daga bakin daɓen, kowace santimita 30, a shafe shi da ruwan siminti a binne da yashi don kada ya yi tsatsa ko ya soki wani. Ranar da za a yi tudun sai a tone a ɗaure a kai. Kaurin tudun ya zama santimita 12 zuwa 15, cikinsa jar ƙasa dannanniya, ba ɓaraguzan bulo ba.

Matashi_Nasarawa
Mita 4 ta yi kaɗan Injiniya. Gangara mita 2, dandamali 1 da rabi, saura rabin mita kafin shinge, alhali kai ka ce a bar mita 1 da rabi zuwa 2. A bar 5 da rabi. Kuma Malam, maganar masu tsayawa, a ba mu zuwa Juma'a mu kawo sunaye wurin mai unguwa.

Birkila_Jega
In anka bar 5 da rabi, daɓen ya koma 15 a 14 da rabi. A sake lissafin siminti kafin a tara kuɗi, ya sauko wajen buhu 175.